Ina son in fara haɗa kyandir a gida: wane kaki ne zai jure zafin Sakkwato?

Maman Ilham, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Kwanan nan hankalina ya karkata ga haɗa kyandir, irin na cikin kwalba mai ƙamshi da kuma masu siffar fure. Ba don sayarwa ba tukuna, abin da zan riƙa yi ne da hannuna idan yara sun tafi Islamiyya. Duk bidiyon da nake kallo a YouTube da TikTok da kakin waken suya suke yi, na kuma sami mai sayar da shi a Legas, ta ce kilo 5 ne mafi ƙarancin abin da za ta turo. Kafin in tura kuɗi, akwai wanda ya taɓa yi a nan cikin gari? Me zan saya, me zan bari?

Anti Rabi, Arkilla:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata riƙe kuɗinki tukuna. Masu bidiyon nan galibinsu a Amurka da Ingila suke, ɗakunansu da sanyi. Ke kuma a Mabera kike. Kakin waken suya yana narkewa ne wajen digiri 50 a ma'aunin Selsiyus, kuma tun kafin ya kai nan yake fara laushi yana tsatso mai a samansa. Mu nan watan Afrilu da Mayu zafi ya wuce 40 ba labari ba ne, wata rana ya tasam ma 45, balle ɗakin da ke da rufin kwano. Kyandir ɗin waken suya da aka aje kan kabet a irin wannan lokaci, kafin la'asar ya koma kamar man shanun da aka manta a rana. Na cikin kwalba ma da sauƙi, kwalbar ta riƙe shi. Masu siffar furen da kike sha'awa kuwa, kunnuwan furen za su kwanta. Ni da farafin nake yi da kakin zuma, su ne suka zauna da ni.

Zainab, 'yar jami'a:
Anti Rabi ki yi haƙuri, ban yarda da ke ba a nan. Farafin fa daga ɗanyen man fetur ake samo shi. Wa zai so ya kunna man fetur a ɗakin da yaransa suke kwana? Ni na waken suya nake yi tun bara, kuma nawa ba su narke ba.

Anti Rabi, Arkilla:
Zainab a wane wata kika yi su, kuma ina kike aje su?

Zainab, 'yar jami'a:
Disamba zuwa Janairu na fi yi, lokacin hutu. A falon Mama suke, akwai na'urar sanyaya ɗaki idan da wuta.

Anti Rabi, Arkilla:
To kin gani. Da hunturu kika yi, kika aje a ɗaki mai sanyi. Ban ce ba ya yiwuwa ba, cewa na yi wadda za ta fara kada ta kwashi kilo 5 na abin da sai wata 3 a shekara yake jin maganarta.

Malam Nasiru, malamin kimiyya, Runjin Sambo:
Bari in sa baki, domin kowace a cikinku tana da inda ta yi daidai. Gaskiya ne farafin daga ɗanyen mai ake tace shi. Matatar mai ta Kaduna ma an gina mata sashen fitar da man inji da kwalta da kuma kaki. Amma fitowarsa daga ɗanyen mai bai sa ya zama fetur ba, man basilin da muke shafa wa jarirai da hunturu ma daga can ya fito. Baƙin hayaƙin da mutane ke gani ba farafin kaɗai ke yin sa ba. Kowane kaki, har na zuma, zai yi hayaƙi idan lagwani ya yi tsawo ko ya yi kauri, ko iska tana kaɗa harshen wutar, ko an cika turare. Wuta ce ta sami abinci fiye da wanda za ta iya cinyewa, ragowar ya tashi baƙi.

Inda Zainab ta yi gaskiya shi ne kakin waken suya yana ci a hankali kuma wanke shi da sauƙi, ruwan zafi da sabulu sun isa. Amma a sani ba tsohon abu ba ne, a farkon shekarun 1990 aka ƙirƙiro shi a Amurka, ƙasar da ke noma waken da yawa kuma take neman kasuwarsa. Man waken ake daskarar da shi da iskar haidurojin. Shi ma masana'anta ce ta yi shi, ba daga gona ya zo haka ba.

Maganar narkewa kuwa ga yadda take. Farafin iri-iri ne, daga wanda ke narkewa a digiri 46 har zuwa wajen 68. Don haka Maman Ilham, kada ki ce wa mai shago a ba ki farafin kawai, ki tambayi a nawa yake narkewa. Na 58 zuwa 60 shi ne namu. Kakin zuma 62 zuwa 64. Sitiyarin, wani farin abu ne mai kama da ɓarzajjen sabulu da ake ƙarawa don kyandir ya yi tauri, shi kuma wajen 69.

Maman Ilham, Mabera:
Allah ya saka da alheri Malam. Wato ko farafin ɗin ma akwai wanda zai ba ni kunya. To kakin zuman a ina ake samu? Ban taɓa ganin inda aka kasa shi ba.

Baba Umaru Baduku:
Ɗiyata, ni ban san waken suya ga kyandir ba, amma kakin zuma tun ina yaro na san shi ga hannun mahaihina. Mu dukawa da shi mukan goge zare kahin mu yi ɗinkin fata, don zaren ya yi ƙarhi kuma ruwa bai cin shi. Wanga abu da kuke nema Legas, ga shi nan ƙauyukanmu ana zubarwa. Masu zuma in sunka sauke amya sunka matse saƙa, da yawa tukar yar da ita sukai. Ki tahi wurin masu saida zuma da saƙarta, Tsohuwar Kasuwa ko Sabuwar Kasuwa, ki ce a tara miki tuka ko a kawo miki curin kaki. In babu ranar, ki bar saƙo, ana kawowa.

Amma ki kula, akwai mai haɗa shi da farafin ya ce miki tsantsa ne. Ki shinshina, na ƙwarai ƙamshin zuma shikai. Ki karya shi, bakin karayar ba ya ƙyalli, gari-gari za ki gane shi. Ki ɗan tauna, ba ya manne wa haƙori.

Maman Ilham, Mabera:
Baba mun gode, Allah ya ƙara girma. Idan tukar aka kawo mini da dattinta, yaya zan yi da ita?

Baba Umaru Baduku:
Ki ƙulle ta ga tsohon ƙyalle mai tsabta, ki sa ga tukunya da ruwa, ki ɗora dutse bisa don ta nutse. Wuta kaɗan-kaɗan. Kakin zai hito ta ƙyallen ya taso saman ruwa, dattin ya tsaya ciki. Ki sauke ki bar shi ya kwana. Da sahe ki iske faifan kaki rawaya bisa ruwa, ki kankare baƙin da ke ƙasansa da wuƙa. In kina son ya yi kyau ƙwarai ki sake. Kada ki yi ga tukunyar baƙin ƙarhe, tana ɓata mai launi. Kuma da dare za ki yi, in da rana ne ƙudan zuma na jin ƙamshin, su cika miki gida.

Malam Nasiru, malamin kimiyya, Runjin Sambo:
Abin da Baba ya faɗa haka yake. Zan ƙara da cewa ranar da ke narkar mana da kyandir za ta iya yi mana wannan aikin kyauta. A sami akwatin katako, a shafa masa baƙin fenti, a rufe da gilashi. A ciki a sa roba ko kwano mai ɗan ruwa, a ɗaure ƙyalle a bakinsa, a ɗora saƙar a kan ƙyallen. A jingina akwatin yana kallon rana. Cikinsa yana wuce digirin da kakin ke buƙata, sai ya riƙa ɗiga a tace. Masu kiwon zuma a ƙasashe da dama haka suke yi, mu kuwa da ke da rana irin ta Sakkwato mun fi kowa cancanta. Kuma kakin nan ba abin wulaƙantawa ba ne, ƙudan zuma sai sun sha kilo 6 zuwa 8 na zuma kafin su fitar da kilo 1 nasa.

Abu Fatima, Gidan Igwai:
Ni fa tambayata daban ce. Yanzu kowane gida akwai fitila mai caji ko sola, wa ke kunna kyandir? Sannan ku yi haƙuri, ni a sanina kyandir kayan coci ne da masu bikin zagayowar haihuwa da bokaye. Me ya haɗa matan Sakkwato da shi?

Hajiya Luba, Gawon Nama:
Abu Fatima, mu da muka tashi kafin fitila mai caji, da kyandir da fitilar ƙwai da aci-balbal muka yi karatu, har na Alƙur'ani. Kowane mai tireda a unguwa yana sayar da shi tare da ashana. Abin haskakawa ne, abin da mutum ya nufa da shi nasa ne. Hukunci dai na malamai ne, wanda yake da shakka ya tambaye su. Abin da na sani tabbas daga hadisi shi ne, wani gida ya taɓa ƙonewa da mutanensa a Madina cikin dare, da aka ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, sai ya ce wutar nan abokiyar gabarku ce, idan za ku yi barci ku kashe ta. Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Wannan shi ne abin da nake so duk mai haɗa kyandir ta riƙe kafin komai. Katifar soso da gidan sauro da labule ba sa jiran kowa. Na ga gidan da ɗaki guda ya tashi saboda kyandir ɗin da aka liƙa a kan kujerar roba aka yi barci, Allah ya kiyaye rai bai salwanta ba.

Abu Fatima, Gidan Igwai:
Na karɓi maganar hadisin Hajiya. Amma har yanzu ban ga amfanin ba. Idan ƙamshi ake so muna da turaren wuta da humra, wa ya fi matan nan iya su?

Anti Rabi, Arkilla:
Ni da kake gani turaren wuta ne sana'ata tun kafin kyandir, kuma ba zan ce kyandir ya kamo ƙafarsa ba wajen kama ɗaki da tufafi. Amma akwai mai ciwon asma da hayaƙin garwashi ke tayar mata da tari, akwai mai son ƙamshi mai sanyi da zai daɗe awa 3 ba tare da ta tashi neman garwashi ba. Sannan ita fa cewa ta yi sha'awa ce. Mai saƙa hula ba don babu hula a kasuwa yake saƙawa ba.

Tunda an zo kan turare, Maman Ilham ki saurara da kyau, nan ne 'yan uwanmu suka fi asarar kaya. Kada ki zuba humra a kaki. Kada ki zuba turaren fesawa. Akwai ruwa ko sifirit a cikinsu, kaki kuma ba ya haɗuwa da su. Za ki ga sun kwanta a ƙasan kwalba ko sun yi ƙwayoyi, in wuta ta kai wurin ta riƙa tartsatsi. Har turaren mai na kwalba da muke saye don haɗa humra, da yawansa an sirka shi da wani ruwa mai yauƙi da kaki ba ya karɓa. Ga yadda nake gwadawa: in narka cokali 2 na kaki a murfin gwangwani, in ɗiga turaren, in juya. Idan ya ɓace a ciki kakin ya zauna garau, ya yi. Idan na ga ɗigo-ɗigo na yawo a ƙasa ko kakin ya yi gajimare, na turaren wuta ne, ba na kyandir ba.

Awo kuma da sikeli ake yi, ba da ido ba. Ki fara da kashi 6 cikin 100, wato giram 6 na turare a giram 100 na kaki. Kada ki wuce 10 ko da mai sayarwa ta ce yana ɗauka. A zafinmu turaren da ya yi yawa shi ne farkon abin da ke tsatsowa sama.

Maman Ilham, Mabera:
Wallahi da humra na yi niyyar fara gwadawa, Allah ya sa na tambaya. Anti to jera mini kayan da zan fara da su, kaɗan dai.

Anti Rabi, Arkilla:
Kilo 1 na kaki ya ishe ki. Ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, wanda masu kek ke amfani da shi. Ma'aunin zafi mai tsinke, shi ma wurin masu kayan kek. Tsohuwar tukunya, da babban gwangwanin madara da za ki matse bakinsa ya yi tsini don zubawa. Lagwani. Tsinken tsire ko fensir na riƙe lagwanin a tsakiya. Shi ke nan. Mazubin roba mai siffar fure ki bar shi sai hannunki ya faɗa.

Babbar doka: kaki ba ya hawa wuta kai tsaye, ko gas ne ko risho ko kurfoti. Ruwa za ki sa a tukunya, ki tsayar da gwangwanin kakin a cikin ruwan. Muddin akwai ruwa zafin ba zai wuce digiri 100 ba, shi kuma farafin sai wajen 200 tururinsa ke kama wuta. Shi ya sa ake duba ruwan kada ya ƙone. Idan tsautsayi ya sa ya kama, kada ki watsa ruwa, zai yi tsalle ya bi ki. Ki kashe wutar ƙasa, ki kifa murfi a kai. Murfin ya kasance kusa da hannunki tun kafin ki fara, yara kuma su kasance nesa.

Don ki san yawan kakin da mazubi zai ci, cika shi da ruwa ki auna, ki ɗauki kashi 9 cikin 10 na nauyin. Idan ruwan giram 200 ne, kakin 180, turarensa wajen giram 11. Ki tsane mazubin ƙaƙas kafin zubi. Farafin idan ya narke ya kai wajen digiri 80 ki sauke, ki sa turare, ki juya a hankali minti 2, ki bari ya ɗan sauko sannan ki zuba. Zai shanye ya bar rami a gefen lagwani, halinsa ne, sai ki rage kaɗan ki sake narkawa ki cike. Na zuma kada ya wuce 85, yana duhu.

Zainab, 'yar jami'a:
Wannan ramin ma yana cikin abin da ya sa na fi son waken suya, bai cika shanyewa haka ba. Amma na ji maganar zafin. Anti idan na haɗa shi da kakin zuma fa?

Anti Rabi, Arkilla:
Yanzu kika zo. Ki sa masa na zuma kamar kashi 1 cikin 5 ki gwada, zai ƙara masa tauri. Amma a kwalba ko gwangwani, ba tsayayye ba. Kuma na waken suya yana son a bar shi mako 1 zuwa 2 kafin a kunna don ƙamshin ya zauna, farafin kwana kaɗan ya isa. Wani abin kuma, za ku ga ana cewa a sa man kwakwa a kakin zuma don ya yi laushi. Man kwakwa a digiri 24 yake narkewa, mu nan kusan duk shekara ruwa ne a kwalbarsa. Wannan shawarar ta mutanen ƙasar sanyi ce. In ma za ki sa, ɗan kaɗan.

Sani Mahauci, Kara:
Ina bin ku tun ɗazu. Mu nan kitsen shanu da na tumaki ba ya yankewa. Ba a yin kyandir da shi? Ko man kaɗe?

Malam Nasiru, malamin kimiyya, Runjin Sambo:
Ana yi ƙwarai Malam Sani, da kitse talakan Turai ya yi ɗaruruwan shekaru yana haskaka gidansa, na zuma kuwa sai masu hali da majami'u. Matsalarsa uku: ƙauri, hayaƙi, da laushi, domin da kaɗan ya wuce digiri 40 yake narkewa. Ɓera ma yana cin sa. Wani masanin Faransa mai suna Michel Chevreul ne a shekarun 1820 ya gano yadda ake raba kitse a ciro ɓangarensa mai tauri, wanda shi ne sitiyarin ɗin da na ambata. Farafin kuma a shekarun 1850 ya shigo kasuwa, daga nan kitse ya ja baya. A Sakkwato kitse zalla ba zai tsaya ba, sai dai a gwangwani, man kaɗe kuma ya fi shi laushi. Amma ga abin lura ga mai sayen sitiyarin: har yau ana yin sa daga kitsen dabba, ana kuma yin sa daga kwakwar manja. Wanda yake son ya san abin da yake kunnawa ya nemi na manja. Kashi 10 cikin 100 a farafin ya isa ya sa tsayayyen kyandir ya daina lanƙwashewa, kuma ya fi saurin fita daga mazubi.

Hajiya Luba, Gawon Nama:
Ba wanda ya yi maganar lagwani sosai, alhali a ganina shi ne rabin aikin.

Anti Rabi, Arkilla:
Ya fi rabi Hajiya. Idan ya yi siriri wutar za ta haƙa rijiya a tsakiya ta bar kaki a bango, daga ƙarshe ta nutse ta mutu. Idan ya yi kauri harshen ya yi tsawo, hayaƙi ya tashi, kwalba ta yi zafin da za ta iya fashewa. Lagwanin risho ya yi kauri da yawa, kada a gwada. Wanda ake sayarwa da ɗan ƙarfe a gindi ya fi sauƙi ga mai farawa, yana zuwa lamba-lamba gwargwadon faɗin mazubi. Ki sayi lamba 3 mabambanta, ki yi kyandir 3 iri ɗaya, ki kunna su jere a ɗakin da babu fanka, ki zauna ki kalla. Wanda narkakken kakinsa ya kai bango cikin awa 2 zuwa 3, zurfinsa kamar santimita 1, harshensa tsaye ba ya rawa, shi ne naki. Ki rubuta a littafi: wane kaki, wane lagwani, wane mazubi, wane wata. Watan yana da muhimmanci, lagwanin da ya yi daidai a Janairu zai iya yin yawa a Afrilu, tunda kakin ya riga ya yi ɗumi tun kafin a kunna. Na zuma kuma ya fi son lagwani mai kauri fiye da farafin.

Kafin kowane kunnawa a datse shi ya rage kamar milimita 6, kuma kada a bar kyandir yana ci fiye da awa 4 a jere.

Baba Umaru Baduku:
In ba a samu na sayarwa ba, zaren auduga tsantsa a kitsa shi uku kamar kitson mata, a tsoma ga kaki ya sha, a miƙe shi ya bushe. A gwada zaren da ashana tukun. Auduga toka takai, in ya dunƙule ya yi ƙwallo baƙi to roba ce, a bar shi. Kuma ba dole sai da mazubi ba. A rataya zaren a riƙa tsoma shi ga narkakken kaki ana ɗagawa yana shan iska, a sake, a sake, har ya yi kaurin yatsa.

Maman Ilham, Mabera:
Mazubi fa? Ina da kwalaben zuma da na mayonis da yawa. Na kuma yi tunanin ƙananan kasko na turaren wuta, ko 'yar ƙwarya mai zane, zai yi kyau a kayan amarya.

Malam Nasiru, malamin kimiyya, Runjin Sambo:
Ƙwarya a'a, ko kusa, ita kanta makamashi ce. Roba da katako ma haka. Kasko kuwa yana da kyau a ido amma yumɓun da ba a yi wa ruwan gilashi ba yana da ƙananan ƙofofi, zai tsotse kakin, kaskon gaba ɗaya ya zama lagwani. Zuba masa ruwa ki aje a kan takarda ki gani, in takardar ta jiƙe kaki ma zai bi. Kwalba mai kauri wadda ba ta da tsaga za ta yi, siririn kofin gilashi kada a kusance shi. Mafi aminci ga mai koyo shi ne gwangwanin ƙarfe, a ɗora shi a kan faranti saboda gindinsa yana zafi.

Anti Rabi, Arkilla:
Tsayayyen kyandir kuma guntun bututun ruwa na roba yana yi a matsayin mazubi, a shafa mai kaɗan a ciki, a toshe ƙasa da kyau, in ya daskare a turo shi waje. Launi a nemi na kyandir. Kalar yara ta makaranta da ake cewa a narka tana toshe lagwani, kalar abinci kuma ta ruwa ce, ba ta shiga. Lokacin aiki bayan sallar asuba ko bayan isha'i, kuma kada gaggawa ta sa ki saka a firiji, tsagewa yake. Da hunturu ki kifa kwali a kai saboda ƙura, ki kuma ɗan ɗumama kwalbar kafin zubi. Ragowar kaki kada ya bi magudanar ruwa, yana toshe ta, ki bar shi ya daskare a gwangwaninsa sai wani zubin.

Ummu Sadik, Dambuwa:
Ni na sauro nake so a koya mana, ance akwai mai korar sauro. Damina na zuwa.

Hajiya Luba, Gawon Nama:
Akwai, da man sitironela ake yi, dangin ciyawar lemun da ake sa wa shayi. Yana ɗan rage su a kusa da inda yake ci, iyakarsa ke nan. Na yi aikin jinya, ina roƙonki kada ki bar gidan sauro saboda shi. Sauron zazzaɓin cizon sauro cikin dare yake cizo, lokacin da dole an kashe kyandir.

Abu Fatima, Gidan Igwai:
To idan abin ya kai ga kayan amarya da rabon biki kamar yadda Maman Ilham ta fara hange, a tuna da mota. Cikin motar da aka rufe a rana ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Duk wanda zai kai kyandir Birnin Kebbi ko Gusau da azahar a but, ya san abin da zai tarar.

Anti Rabi, Arkilla:
Gaskiyarka. Ni da sassafe nake ba direba, a kwali, a tsaye, a ƙarƙashin kujera. Daga Maris zuwa Mayu kuma na zuma da na farafin mai sitiyarin kawai nake bari su yi tafiya.

Maman Ilham, Mabera:
Na gaya wa ta Legas ta dakata, lagwani lamba 3 da ƙaramar kwalbar turaren kyandir kawai za ta turo. Baba, kakin zuman wane lokaci ya fi samuwa, in san lokacin da zan bar saƙo?

Baba Umaru Baduku:
Da rani zuwa bazara anka hi sauke amya, kahin ruwa ya sauka, lokacin shina da yawa kuma da rahusa. Ki ce a kawo miki na sabuwar saƙa, mai haske. Tsohuwar saƙa baƙa wadda ƙudan sunka yi 'ya'ya ciki datti ta hi yawa, kakinta kaɗan ne, kada ki biya ta kuɗin sabuwa.

Zainab, 'yar jami'a:
Baba ni ma a sa da ni, rabin kilo, in gwada haɗin da Anti Rabi ta faɗa kafin zafi ya wuce.